Littattafan Mahaifina da Fim ɗin da Ba a Wanke Ba

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu na jami'armu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman afuwa bisa hanyar da na biyo. Sunana Hadiza Garba. Ƙaramar ma'aikaciyarka ce ni. Ina teburin rajistar littattafai kafin jami'a ta turo ni Landan in koyi aikin ɗakin karatu, kuma idan na gama wajenka zan dawo. Na san ba tarbiyyarmu ba ce ƙarami ya yi wa shugabansa magana a shafin jarida. Na rubuto maka ta ofis ba sau ɗaya ba, yayana Sani ya yi ta zarya a ƙofarka har masinja ya san takalminsa, ba mu sami amsa ba. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci sunan jami'ar ba, don ba tozarta ka nake nema ba. Kunya ce ta ishe ni, na kasa riƙe ta ni kaɗai.

Na farko, yadda littattafan suka zo hannunku.

Mahaifina, Malam Garba, malamin zaure ne a garinmu. Ya gaji littattafan rubutun hannu daga kakansa, wasu kuma kakan ma gadonsu ya yi. Akwai na fiƙihu, akwai na nahawu, akwai na magunguna, akwai kuma wani na lissafin taurari wanda ya fi ji da shi. A cikinsa an zana da'irori da jar tawada, wata cikin wata, a gefen shafi kuma kakanninmu sun yi ta ƙara bayani da ajami, kowa da irin hannunsa. Da shi mahaifina yake duba shigar taurarin damina, manoma su zo su tambaye shi ko a yi shuka ko a dakata. Tun ina ƙarama ni nake sauko masa da gafakar daga maratayi, don haka na san zanen nan kamar yadda na san zanen tabarmar ɗakinmu.

Shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin basasa, ma'aikatanka suka zo da mota suna bin zaurukan malamai. Suka ce jami'a ta sayo injin da ke ɗaukar hoton littafi shafi bayan shafi a kan wani siririn fim, maikurofim, yadda ko gobara ta ci littafin ilminsa ba zai ɓata ba. Suka ce aro ne, kafin damina ta faɗi za a mayar wa kowa da nasa. Malamai da yawa suka ƙi. Mahaifina ya bayar, ya ce tunda 'yarsa tana aiki a wajen, ai littattafan daga gida ne suka koma gida. Da ganin ya bayar, wasu maƙwabtansa biyu ma suka fito da nasu. Ni ban roƙe shi ba, ba a ma tambaye ni ba, amma da sunana aka yarda da ku. Damina ta faɗi ta wuce, wata ta zo ta wuce. Duk lokacin da na tambaya a ofis sai a ce ana kan aiki. Har na taho Landan amsar ke nan.

Na biyu, abin da na gani a nan.

An tura ni sanin makamar aiki a ɗakin karatun wata jami'a, a sashen da ke ajiye maikurofim na tsofaffin littattafan Turawa, waɗanda aka rubuta da hannu tun kafin injin ɗab'i, da na zamanin da suke kira na farfaɗowar ilmi. Asalin littattafan suna warwatse a majami'u da gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban, hotonsu ne aka tara a nan. Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, da sanyi kamar randa. Kowane naɗin fim yana cikin ƙaramin kwalinsa da lambarsa. Shugabar sashen, Misis Parry, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ba ta yarda a taɓa fim sai da farar safar hannu. Ba wani ginin a-zo-a-gani ba ne. Kujerun sun tsufa, injin karantawar ma sai an ɗan bubbuga shi yake kunnuwa. Sabon ginin da ake yi mana a gida ya ninka shi kyau.

Wata rana ina duba wani naɗi don in tabbatar bai karce ba, ina juya hannun injin shafuka suna wucewa, sai na ga da'irorin mahaifina. Rubutun Latin ne, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma zanen shi ne, wata cikin wata, har ɗan layin da ya ratsa su a karkace. Ranka ya daɗe, sai da na miƙe tsaye. Na kira Misis Parry na ce muna da wannan a gidanmu, da Larabci. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in zauna in faɗa mata a hankali.

Ita ta haɗa ni da wani tsoho, Dokta Moretti, mutumin Italiya ne da ya daɗe a Ingila. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan littafin. Ya bayyana mini cewa fassara ce aka yi daga Larabci ɗaruruwan shekaru da suka wuce, fassarar kuma ta yanke a tsakiya, shi kuwa bai taɓa samun cikakken na Larabcin ba. Da na ce masa namu cikakke ne, har da bayanin kakanni a gefe, sai ya cire tabarau yana goge ido. Na ƙara da cewa jami'armu ta riga ta ɗauke shi a fim, aiko da kwafi ne kawai ya rage. Da alfahari na faɗa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa da na shiga zuwa gida ranar, ina ta murmushi ni kaɗai har wata mata ta tambaye ni ko albishir aka yi mini. Na ga ranar da za a ce daga garinmu aka cike abin da Turai ta rasa.

Dokta Moretti ya rubuto maka. Misis Parry ta rubuto maka a takardar ofishinsu. Shiru.

Na uku, ranar da ka zo.

A lokacin sanyin da ya wuce ka zo Landan da ayarin jami'a don sayen kayan cika sabon gini. Da na ji za ku biyo ta sashenmu na yi murna ƙwarai. Na ɗaura atamfar da na fi so a ƙarƙashin kwat, na zo da wuri daga unguwarmu ta Catford. Dokta Moretti ya zo da sandarsa, ya sa taye, yana riƙe da hoton shafin nan da ya sa aka buga masa a takarda. An shirya muku shayi. Na durƙusa na gaishe ka kamar yadda ake yi a gida, ka amsa da kai.

Ina so in tuna maka abin da ya faru, don wataƙila a wajenka ƙaramin abu ne cikin hidimomin tafiya. Ka ce kana son kwafin duk fim ɗin da ke sashen, gaba ɗaya. Misis Parry ta ce ko za ka zauna a gaban inji ka ga ko da naɗi ɗaya, ka ce lokaci ya ƙure, mota tana jira. Ta tambaya ko akwai masu karanta Latin a jami'armu, ka ce za a samu nan gaba. Ta tambayi inda za a ajiye su, don fim ba ya son zafi da laima, ka ce sabon gininmu ko'ina akwai na'urar sanyaya ɗaki. Daga nan ta kawo shawarar da ta daɗe tana shiryawa: a yi musaya, su ba mu kwafin nasu, mu ba su kwafin littattafan malamanmu, ba sai kuɗi ya shiga tsakani ba. Ka yi dariya ka ce mu ba musaya muka zo yi ba, ƙasarmu yanzu tana iya biyan abin da take so.

Sai Dokta Moretti ya matso ya miƙa maka takardarsa, ya yi maka bayanin littafin taurari. Ka dube ta sama-sama ka mayar masa. Ka ce abin da ke hannun malaman ƙauye yawanci addu'o'i ne da laƙanin tsari, kwafin kwafi, ba ka san da wani littafi irin wannan a ɗakin karatunka ba. Ka ce yarinyar nan ɗoki ne ya ɗebe ta. Da Turanci ka faɗa, ina tsaye a gefenka.

Babu wanda ya yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba zan iya musa maka a gaban baƙi ba, kai shugabana ne, kuma a shekaru ka haife ni. Na sunkuyar da kai, wanda duk ya gan ni a lokacin zai ɗauka ƙarya aka kama ni da ita. Tsohon ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce a yi masa afuwa ya ɓata muku lokaci.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar ciwo. Ba wanda ya ce mini komai. Misis Parry ta ƙara kyautata mini, tana kawo mini biskit a tebur, tana yaba aikin da bai kai a yaba ba. Dokta Moretti idan muka haɗu a matakala sai ya gaishe ni da sassanyar murya kamar mai gaida marar lafiya. Na daina cin abincin rana tare da sauran ma'aikata. Sannan da aka gama kwafin fina-finan da ka yi oda, ni aka ba aikin shirya su a kwali, saboda ƙasarmu za su. Da hannuna na rubuta adireshin ɗakin karatunmu a kan kowane kwali.

Na huɗu, abin da yayana ya tarar.

Na rubuta wa Yaya Sani na ce ya bar makarantar da yake koyarwa ko na kwana biyu ne, ya je ya gano mini gaskiya, ko da ni ce na ruɗe. Bai samu ganinka ba. Amma a ƙarshe an buɗe masa sito na tsohon gini, wanda ke ƙarƙashin matakala, inda aka tura abin da ba a kwashe zuwa sabon gini ba. A nan ya ga littattafan, namu da na maƙwabtanmu da na wasu malaman da bai sani ba, a cikin kwalayen madara, a ƙasa, kusa da tsintsiya da bokitan masu shara. Ruwa ya biyo bango ya jiƙa na ƙasa sun manne sun zama kamar tubali. Na sama gara ta shige su. Ya gane gafakarmu da ɗinkin da mahaifiyarmu ta yi mata a baki. Da ya buɗe, littafin taurari ya rage gefe-gefe, tsakiyar ta zama ƙasa. Ya ce ana ganin ɗan jan tawada nan da can.

Ya tambayi fim ɗin. Aka nuna masa gwangwanaye a kan taga. An ɗauki hoton, gaskiya ne, amma ba a taɓa wanke fim ɗin ba. Maganin wankin ya ƙare ba a sayo wani ba, mai aikin injin kuma ya ajiye aiki ya koma kwangila kamar yadda kowa yake yi yanzu. Gwangwanayen sun shekara suna shan rana, wani ma ya buɗe wasu don ya ga abin da ke ciki. Na koyi isasshen aikin nan da zan san ma'anar wannan: babu komai a kansu, ba kuma za a taɓa samu ba.

Yaya Sani ya roƙa a ba shi abin da ya rage ya kai wa mai shi. Aka ce kayan jami'a ne, ba ya fita sai da sa hannun Shugaba. Shugaba kuma yana taro, ko ya tafi Ikko, ko ya tafi duba sabon gini. Haka ya koma gida hannu wofi.

Ranka ya daɗe, lokacin da ka ce ba ka san da littafin ba, na yarda gaskiya ka faɗa. Ba ka sani ba. Yana ƙarƙashin matakalar da ka yi shekaru kana hawa.

Na biyar, mahaifina.

Na samu Dokta Moretti na faɗa masa komai, don gara ya san mu da sakaci da ya san ni da ƙarya. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a garinsu ma an yi asarar littattafai masu yawa lokacin yaƙin duniya, kada in ɗora wa kaina. Lallashina yake yi, na sani. Amma nasu bam ne ya faɗo musu daga sama. Namu ba bam, ba gobara, ba yunwa. Littafin nan ya tsallake fari da yaƙe-yaƙe da zuwan Turawa a rataye a bangon ƙasa, a hannun mutanen da ba su da komai sai tawada da haƙuri. Sai da muka yi arzikin mai, muka gina bene, muka sayo inji, sannan ya mutu a hannunmu mu 'yan boko. Na kasa faɗa masa wannan, na yi godiya kawai. Ya ciro takardar nan ta hoton shafi ya ba ni, ya ce in aika wa mahaifina da gaisuwarsa.

Na aika. Yaya Sani ne ya fara gaya wa Malam abin da ya gani a sito, sannan ya ba shi takardar. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai da ya fita tsakar gida ya kai ta kusa da fuska. Ya gane da'irorin nan take, ya bi su da yatsa yana kiran sunayen taurarin. Ya tambaya wane irin rubutu ne wannan a gefe, aka ce na Turawan da ne. Ya ce ashe su sun riƙe nasu. Yanzu da wannan takardar yake koya wa ɗalibansa abin da ya rage a kansa, shafi ɗaya, cikin harshen da babu mai karanta shi a duk garin.

Ya aiko mini da saƙo a kaset. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya tambayi sanyi, ya tambayi maigidana, ya ce in riƙe salla. A ƙarshe ya ce abu biyu ne suke damunsa. Ɗaya, takardun nan akwai sunan Allah a cikinsu, bai kamata su kwana a ƙasa kusa da tsintsiya ba. Idan ba su karantuwa, a kawo masa ya binne su da hannunsa a wuri mai tsarki. Na biyu, maƙwabtansa da suka ba da nasu saboda shi, ɗaya ya rasu, 'ya'yansa suna zuwa tambaya, shi kuma ya rasa da wane ido zai dube su. Mutumin da gari yake zuwa wajensa neman fatawa, yau shi ne yake bi ta bayan gida zuwa masallaci. Ban iya ƙarasa jin kaset ɗin a zama ɗaya ba.

Ga abin da nake roƙo.

A buɗe siton nan a fito da littattafan daga ƙasa tun kafin wata damina. A kira masu su, ko magadansu, kowa ya karɓi nasa komai lalacewarsa. Kada a aika masinja. Ka je da kanka, ranka ya daɗe, ko ka tura babban mataimakinka, a zauna a zauren mahaifina a gaban maƙwabtansa a faɗi abin da ya faru, don su san ba shi ya ci amanarsu ba. Ba diyya muke nema ba, ba mu san farashin da za a sa wa abin nan ba.

Ka rubuta wa Misis Parry da Dokta Moretti, ko layi biyu ne, cewa littafin ya taɓa kasancewa, kuma yana hannunku. Tsohon ba shi da sauran shekaru masu yawa, ina so ya ji daga bakin hukuma.

A dakatar da motar da ke bin zauruka karɓar littattafai, don na ji har yanzu tana fita. Kada a sake karɓar littafin kowa sai an tabbatar za a iya ɗauka, a wanke, a duba, a mayar.

Kwalayen da na shirya kuma suna cikin jirgin ruwa, an ce jirage sun yi cunkoso a tashar Ikko suna jiran layi cikin zafi. Ban ƙi a sayo su ba. Ilmi ne, wata rana za a sami ɗanmu ko 'yarmu da za su karanta. Amma a tura wanda zai karɓe su da zarar an sauke, a kuma tanadi wanda zai kula da su, kada su bi sawun na mahaifina. Mutanen da suka kwafe su sun yi aikin da zuciya ɗaya.

Na ƙarshe ya shafe ni. Abokan maigidana sun ce idan aka buga wannan takarda in manta da ƙarin girma, wataƙila ma da aikin. Na ji, na kuma auna. Idan na gama karatuna zan zo ofishinka in gaishe ka kamar yadda ya kamata, ba za ka ga raini a fuskata ba. Idan ka ga dama ka bar ni a aiki, kada ka ba ni tebur a sabon gini. Ka ba ni mabuɗin siton nan. An koya mini yadda ake raba takardun da suka manne, da yadda ake ɗaukar abin da gara ta rage. Yaya Sani ya ce bayanin da kakanninmu suka rubuta a gefen shafi gara ba ta gama cinye shi ba. Ina so in karanta wa mahaifina shi tun yana da rai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya kare ka daga irin kunyar da muke ciki. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza Garba,
Catford, Landan.